Rasuwar 'Yar Gata a Ƙarƙashin Dutsen Guga

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har wuya, da kuma kunyar da ta fi baƙin cikin yawa, ni tela mai shago kusa da famfo, a madadin kaina da keken ɗinkina, ina sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar kwamfutata, wadda aka fi sani da 'Yar Gata. Rai ya yi halinsa ranar Talata da hantsi, a kan teburin yanka, tana da shekara ɗaya da wata huɗu a hannuna.

Marigayiyar mai fuska biyu ce, amma ba munafuka ba. In an manna mata kibod, sai ta zauna daram kamar ma'aikaciyar ofis. In an zare, ta koma allo siriri, ka rungume ta kana rubutu da alƙalaminta. Duk wanda ya san ta zai tuna "ƙas!" ɗin da take yi idan maganaɗisu ya cafke kibod. Akwai ranakun da na cire na mayar fiye da sau ashirin, don kawai mai askin da ke maƙwabtaka da ni ya ji.

Ta kasance mai riƙon amana. A fuskarta nake zana wuyan riga, kwastoma ya gani tun kafin almakashi ya taɓa yadi. A cikinta awon mutum ɗari biyu da 'yan kai yake, kafaɗa da hannu da ƙugu, har da tumbin da masu shi ba sa so a faɗa da ƙarfi. Ranar da na gama kwafe su, na miƙa wa matata tsohon littafin awona na ce ta hura wuta da shi. Ta ce, "Maigida, ka tabbata?" Na ce zamani ya wuce nan. Littafin ya ci wuta da kyau.

Shekara tara da aurena, surukina bai taɓa ba ni ko ɗinkin aljihu ba. Yana da tsohon telansa, wanda har yau fensir yake sokewa a bayan kunne. Sai makon jiya ga Baba da kansa a shagona, da farin yadi mai tsada, za a yi taron sallamarsa daga aiki ranar Asabar mai zuwa. Na gwada shi, ina rubutawa a gilashinta. Ya ce, "Ina littafinka?" Na ce, "Baba, ai wannan ba ta mantuwa." Ya ce, "To, madalla," ya ɗaga kai yana kallon rufin shago.

Jinyarta ba ta kai minti uku ba. Na zare kibod don in zana wuyan rigar Baba, na kwantar da ita a kan tebur. Saboda tsabar so, na lulluɓe ta da ragowar yadi, kada ƙurar zare ta hau ta. Sai wani ya shigo a gaggauce, wandonsa na son guga. Na laluba teburin na ji wani wuri sumul, har na yaba a raina. Na shimfiɗa wando, na yayyafa ruwa, na ɗora dutsen guga na danna da dukan ƙarfina. Ta yi "ɗit, ɗit" sau biyu, na ce wa mutumin ya duba wayarsa. Daga nan ta yi "ƙas" na ƙarshe, ba irin wanda na saba ji ba. Karin wandon dai ya fito ras.

An garzaya da ita wurin mai gyara. Ya juya ta, ya sunsuna, ya ce, "Na ga wadda ta faɗa ruwa, na ga wadda mota ta taka. Wadda aka goge kam, yau na fara gani." Ya tambaya ko na adana kwafin awon a wani wuri. Gaskiya kullum da safe marigayiyar takan yi "ting" tana roƙona hakan, ni kuma in danna mata "sai an jima".

Ta rasu ta bar kibod, wanda ke kwance ba mai kula shi, da caja, da alƙalami. Shi alƙalamin ya riga ya samu aiki, da shi nake turo kusurwar kwala. Ta kuma bar yadin Baba a ninke, ba a yanka ba, alhali a duk awonsa wuya kaɗai nake iya tunawa, shi ma ina kokwanto.

Na kasa zuwa in ce masa ya sake tsayawa. Na lallaɓi matata ta je gida ta ɗauko mini tsohuwar rigarsa a ɓoye, in auna. Ta dawo ba riga, sai sabon littafi da fensir ɗaure da zare. Ashe mai aski ya riga ta kai wa Baba labari. A shafin farko ga awon Baba cif-cif, da rubutun tsohon telansa. Ta ce, "Baba ya ce a yi maka ta'aziyya. Ya ce yadin ya zauna a wurinka, ranar Juma'a zai aiko a karɓa." Ban yi wa 'Yar Gata kuka ba, amma a nan sai da na juya baya.

Za a binne ta gobe a durowar ƙasa, kusa da lalatattun zif. Ana karɓar gaisuwa a shago daga safe zuwa yamma. Masu zuwa su sa riga marar kauri, domin kowa za a sake gwada shi, kuma za a rubuta da fensir. Baba kaɗai aka ɗauke wa zuwa, shi yana shafi na ɗaya.