Jarina a Kamfanin Cips

Har yau raina na ɓaci idan na tuna. A majalisarmu ta Jimeta na yi wata guda ina lacca cewa arzikin duniya ya koma kamfanonin cips, 'yan ƙwaƙwalen nan na cikin kwamfuta. Na sayar da shinkafar da na noma a Njuwa, na sayi hannun jarin wani kamfanin cips ta waya, na miƙa wa yayana wayar ya ga shaidar ina hura hanci.

Ya gyara tabarau ya ce, "Wannan kamfanin ai dankali yake soyawa."

"Hamma, hassada ce kawai!"

Na fizge wayar, ashe gaskiyarsa ce.

Yanzu ko daga masallaci na fito, sai wani munafuki ya ce, "Alhaji, a barbaɗa wa kwamfutar yaji?"