Jinjiri Mai Gashin Baki

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na haihu a motar Mungadi ba, ni da ko aure ban yi ba.

Mussata 'Yar-gata ce ta jawo. Ta cinye wa Inna 'yan tsaki, Inna ta rantse ko kyanwar ta bar gidan ko a kai ta daji. Yaya Saratu da ke aure a Mungadi ta ce in kawo mata, dama ɓeraye sun addabi geronta.

Inna ta miƙo mini kwando mai murfi. "Shimfiɗa tsumma, ki ɗaure bakin da igiya. Mussa ba ta son mota."

Na dubi kwandon, na dubi sabuwar atamfata. Ni in ratsa tashar Jega da kwando kamar mai tallan kaji? Na naɗe 'Yar-gata a tawul, na rungume ta a ƙirji, na zura dogon hijabi. (Ban da haƙurin sauraron magana sau biyu, wannan kowa ya sani.)

A mota aka matse ni gefen wata tsohuwa mai kwando a cinya. Muna fita gari abin da ke ƙirjina ya motsa.

"Ke ɗiyata, jinjiri ne?"

Tsoro nake direba ya ji ya sauke mu, kuma ba na son dogon zance. Na ce, "Awo."

Nan na kashe kaina.

"Masha Allah! Namiji ko mace? Mi as sunanshi?"

Na sunkuyar da kai, na yi gum. Tsohuwa ta tafa hannu ta sanar da mota: "Na fari ne! Ku dubi kunya. Ashe akwai sauran ɗiyan mutunci, ko sunanshi ba ta faɗi."

Mota ta ɗauki barka. Wani dattijo a gaba ya ɗaga hannu ya yi addu'a Allah ya raya, ya sa mahaddaci ne. Kowa ya shafa. Ni ma na shafa (da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da wutsiya).

Tsohuwa ta ce, "Buɗe mashi fuska ya sha iska, zafi ya yi yawa."

"Barci yakai, Kaka."

"To ke ki ci wani abu, mai shayarwa ba ta zama da yunwa."

Ta buɗe kwandonta. Busasshen kifi ne.

Mahaddacin nawa ya yi wata ƙara, ya karce ni a wuya, ya faso ta ƙasan hijabi ya dira kan kifi. Mata suka ɗauki salati, direba ya taka birki. 'Yar-gata ta firgita, ta yi tsalle wajen tagar da ke buɗe, ga tirela tana tahowa. Hankalina ya tashi, na ma manta da kunya. Tsohuwar nan ta cafke ta a ƙeya kamar ta saba, ta juye kifin a zanenta, ta jefa kyanwar a kwando ta danne murfi.

Sai tsohuwar ta leƙa ciki ta ce, "Kai, jinjirin ga da gashin baki yaz zo. Uban ya biyo?"

Direba sai da ya kifa kansa a sitiyari. Dattijon ya waigo ya ce shi dai addu'arsa ba ya janye ta. Ni ko na ja hijabi har hanci, ina roƙon mu isa in rabu da su har abada.

Mun isa. Tsohuwa ta sauka tare da ni, ta riƙe kwandon, muka bi lungu ɗaya. Ashe katanga ɗaya ce tsakaninta da Yaya Saratu.

'Yar-gata tana nan lafiya, ta yi ƙiba, ɓeraye sun yi ƙaura. Ni ce dai duk zuwana Mungadi sai na ji murya ta bayan katanga: "Maijego! An yaye min jikana?"

Yanzu in Inna ta miƙo kwando, hannu biyu nake karɓa. Gara a ce da ni mai tallan kaji da a yi mini barka.