Nomau da Sheƙar Kanarin Marigayi

A Unguwar Madaka an yi wani mutum, Nomau, wanda duk abin da aka gaya masa yakan aikata shi ba ragi ba ƙari. Mahaifinsa mai kiwon kanari ne. Da ya rasu, ƙanensa Baffa Sallau ya zo zaman makoki, bai koma ba. Ya kama ɗakunan gidan da kejin tsuntsaye duka, ya tura Nomau da mahaifiyarsa, Inna Tabawa, ɗakin ajiyar dusa. Dattawan unguwa sun gani, suka kau da kai. Sannan Baffa ya nuna wa Nomau wasu kanari biyu, mace da namiji, ya ce, "In waɗannan ba su ba ni 'ya'ya ba, ɗakin dusar ma za ku bar shi."

Wata rana Baffa ya ce, "Kai, nemo abin da ya fi komai laushi a gidan nan ka ba macen kanarin, ta yi sheƙa." Nomau ya bi gida yana shafa kaya, har ya kai ga ragowar likkafanin mahaifinsa a ƙasan akwatin Inna. Ya warware shi zare-zare. Tsuntsuwar ta saƙa sheƙa fara fat. Baffa ya gane yadin, ya ja da baya.
"Uban wa ya sa ka?"
"Na shafa komai, Baffa. Har gemunka na shafa kana ƙailula, bai kai shi ba."

Wata rana, da tsuntsuwar ta hau kwanci, Baffa ya ce, "Kada ido ya sauka a kanta." Nomau ya ɗaure wa akuya fuska da ƙyalle, ya kife madubi, ya juya hoton marigayi ya fuskanci bango. Can da rana ya zo yana haki.
"Baffa, akuya ta ji magana. Baba ne ya ƙi. Duk juyin da na yi masa, in na dawo sai in tarar yana kallo."
"Kejin yake kallo?"
"A'a. Shimfiɗarka."

Wata rana Baffa ya ce, "Ƙara na sa ta gudu ta bar ƙwai. Kada in ji motsi." Nomau ya bi gida-gida ya kwashe taɓare, ya naɗe ƙafafun jakin maƙwabci da tsumma. Unguwa ta yi tsit da tsakar rana. Mata suka yafa mayafi suka nufo inda shirun ya fi kauri, suka tarar da Baffa zaune a zaure. Wata tsohuwa ta dafe ƙirji ta ce, "Au, Sallau, ashe da sauranka? Mu kai muka zo yi wa gaisuwa."

Wata rana ƙwai suka fashe. Don haɗamar ƙarin 'ya'ya, Baffa ya jefa wani baƙon namijin kanari cikin kejin, shi kuwa ya haye sheƙar ya fara turo 'ya'yan ƙasa. Baffa ya daka tsawa: "Tsaye kake, sakarai? Duk wanda ya shiga inda ba shi ya gina ba, ya ture masu wurin, ka ɗauke shi ka fitar, ka rufe ƙofa. Ban da tausayi!"

Nomau ya sa hannu ya cire baƙon, ya mayar da 'ya'yan. Sannan ya tsaya yana duban Baffa. Ya sunkuya ya saɓa shi a kafaɗa, ya dire shi a bakin titi, ya janyo ƙyaure daga waje. Inna kuwa ta riga ta biyo su waje tana salati.

Mai unguwa ya iso, jama'a suka taru. Nomau ya maimaita umurnin, kalma bayan kalma. Mai unguwa ya ce, "To, wa ya gina gidan?" Dattawan suka sunkuyar da kai. Baffa ya tura ƙofa da ƙarfi, ta ƙi.
"Nomau, zare sakatar nan!"
"Ranka ya daɗe," in ji Nomau ga mai unguwa, "ni janyowa kawai na yi. Ga ni, ga Inna, duk muna waje."

Inna ta sa yatsa ɗaya, ƙofa ta buɗe. Baffa ya arce, bai nemi ko takalmansa ba.