Ranar da Na Ja Jirgin Sama Zuwa Kasuwar Kurfi

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tsaya gaban aji a Dutsin-Ma cikin kwat ɗin aro ba, ina zuba bayani kan jiragen sama, ni da ko ƙofar filin jirgi ban taɓa takawa ba.

Muna ajin ƙarshe a sashen akanta na jami'a lokacin. Malamarmu, Dakta Binta, ta raba mu uku-uku, ta ba rukuninmu rahoton wani kamfani mai sayen jirage yana ba da su haya. Tambayarta ɗaya ce: in albashi da biyan banki da kuɗin gyara suka taso masa cikin shekarar nan, yana da abin biya a hannu?

Abokan aikina su ne Sadiya da Lawal (shi Lawal gudummawarsa sayo awara). Ba tare da an zaɓe ni ba na naɗa kaina shugaba, na kwashi takardun na tafi gida Kurfi na baje su a zaure. Duk wanda ya shigo gaida Baba sai in yi ajiyar zuciya in ce, "Harkar jirage ce, Kawu, sai addu'a."

A zauren nan na yi aika-aikar. Na ɗebi jiragen kamfanin kaf na zuba su a lissafi cikin jerin kayan da za a iya mayarwa kuɗi nan take. Da na dawo Sadiya ta duba ta ce, "Anya? Jirgi ai zaunanniyar kadara ce."

Na ce, "Abin da ke tashi sama za ki kira zaunanne?" Har Lawal na sa ya tafa mini.

Ranar gabatarwa na gyara wuyan kwat, na shaida wa aji cewa kamfanin nan ko gobe zai sallami kowa, har ya yi sadaka da canji. Dakta ta cire tabarau a hankali.

"Malam, ina ne garinku?"

"Kurfi, Dakta."

"Madalla. A ce jibi za a biya albashi, asusu babu komai, ka ja jirgin nan zuwa kasuwar Kurfi. Wajen awaki za ka ɗaure shi, ko wajen masu hatsi?"

Da na yi shiru da abin ya zo da sauƙi. Amma sai na tsaya na yi tunani (wallahi na yi), na ce, "Sai dai a fara neman dillali."

Ajin ya kece. Wani a baya har da faɗowa daga benci. Dakta ta jira aka lafa, sannan ta tuna mini cewa jiragen ma suna hannun masu haya, an ɗaure su da yarjejeniyar shekaru. Ta sa na goge su daga allo da hannuna. Abin da ya rage, ɗan kuɗin asusu da hayar da ba ta shigo ba, da ƙyar zai kai kamfanin ƙarshen shekara. Zufa ta jiƙe kwat ɗin mutane sharkaf.

Sadiya ce ta tashi ta yi bayanin da ya dace, muka tsira da makin wucewa. Ni kuma na fita da sabon suna. Har yau in na haɗu da ɗan ajinmu wurin ɗaurin aure, daga nesa zai ɗaga hannu ya ce, "Dillali, ya kasuwa?"

Na dai koyi cewa dukiya daban, kuɗin hannu daban. Na kuma koyi wanda ya fi wannan amfani: in malami ya yi maka tambaya yana murmushi, ba amsa yake nema ba.