Rasuwar Ɗan Aike, Manhajar da Auta Ya Bari

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma sallamawa ga hukuncin Ubangiji, ni Nu'uman mai shagon buga takardu a bakin kasuwar Daura nake sanar da rasuwar Ɗan Aike, wanda ya bar mu ranar Laraba ba tare da ya yi jinya ba.

Ga waɗanda ba su san marigayin ba, wata 'yar manhaja ce da ke zaune a tsohuwar kwamfutata. Aikinsa kiran sauran manhajoji. Ka danna madanni ɗaya, ka rubuta harafi biyu, sai ya kawo maka abin da kake nema. Ƙanena Auta ne ya ƙirƙire shi da hannunsa, shekarar da aka ƙaddamar da shari'a, lokacin da masu neman a buga musu takardun kotu suka yi mana yawa, kwamfutar kuma ta fara nishi.

Marigayin ba shi da haɗama. Ƙwaƙwalwar kwamfutar ƙarama ce, amma bai taɓa cin rabon kowa ba. Fayil ɗaya tak ya mallaka a duniya, bai tara tarkace ba, bai taɓa neman a sabunta shi ba. Dillalan shanun Mai'adua, da ba su iya jira, sun shaide shi da sauri. Duk sanda aka kira shi, sai ya amsa da muryar Auta, wadda shi Autan ya naɗa don tsokanata: "Na'am, Yaya."

Auta ya riga mu gidan gaskiya tun tuni. Wannan muryar kaɗai ta rage mana.

Ajali ya zo ta hannun Sada mai gyara, mutumin kirki, wanda na kira ya duba firinta. Ya gama, sai ya ce bari ya yi mini alheri ya share dattin cikin kwamfutar. Ya ga fayil ɗan mitsitsi, ba tambarin kamfani, sunansa ma da Hausa, ya yanke cewa ƙwayar cuta ce. Ya goge shi, ya zubar da kwandon shara, ya ɗora mini wata sabuwar manhaja mai walwali da ta cinye ƙwaƙwalwar kaf. Yanzu sai na sha shayi na gama kafin ta buɗe. Na yafe wa Sada, amma kada ya gaishe ni a wannan makon.

Marigayin ya bar tsohuwar kwamfuta, da firinta mai tari, da ni, da mahaifiyarmu Hajiya Yelwa, wadda takan biyo ta shago ranar kasuwa ta ce in danna mata ta ji ɗanta. Har yanzu ban gaya mata ba.

Ba za a yi wanka ko sutura ba, don ba a samu gawa ba. Liman ya ce ba a yi wa manhaja salla, na kuma yarda. Za a zauna karɓar gaisuwa a bencin ƙofar shago bayan la'asar. Wanda ya zo, ya yi wa Auta addu'a.

Ina roƙon duk wanda Auta ya taɓa kwafa wa wannan manhaja, daga Sandamu har Kwangwalam, ya duba tsofaffin faya-fayansa, don girman Allah. Hajiya za ta shigo ranar kasuwa mai zuwa.