Goron Da Yayana Ya Aiko A Sakaina

Ba zan taɓa mantawa da la'asar ɗin da na kori yayana da ɗan yatsa ɗaya ba, a gaban mutane, ina murmushi kamar wanda ya yi abin kirki. Har yau in na tuna sai abinci ya fita raina.

Ni dillalin albasa ne a kasuwar Malanville, a ƙasar Benin. Lokacin da aka rufe gadar da ke haɗa mu da Gaya ta Nijar, kasuwa ta mutu murus. Kamyo, manyan motocin kaya, ba shiga ba fita, 'yan duwan, wato kwastan, su kansu hamma suke yi. Mu manya da gemu muka koma zaman rumfa, daga shan shayi sai korar ƙuda. A nan ne Mushe Idi, wani tsohon malamin makaranta (Mushe muke ce wa malamin boko, daga Faransanci), ya fito mana da akwatin da ya taho da shi daga Kwatano. Cikinsa sojojin roba ne 'yan mitsi-mitsi, da dawaki da igwa, duk shi ya yi musu fenti da hannunsa. Ya ɗora tsohon ƙyaure a kan buhuna, ya shimfiɗa shuɗin ƙyalle a tsakiya ya ce kogi ke nan, ya dunƙula laka ya ce tsaunuka. Da tef ɗin tela ake auna tafiyar soja, a jefa ƙwayar lido a ga wa ya mutu wa ya tsira. Da farko dariya muka yi masa. Ba a jima ba na zama ni ke riga kowa zuwa in kaɗe ƙyauren. (Matata ta ce da haka nake ɗokin sallar asuba da tuni na zama waliyyi.)

Matsalar ita ce ban taɓa ci ba, kuma kullum saurin yarda ke kashe ni. Mushe ya taɓa ɗaga min farar tuta, na saki jiki, ya zagayo ta bayan tsauni ya share min runduna kaf. 'Yan rumfa suka samu abin yi, kowa ya gan ni sai ya ɗaga farin hankici. Na rantse a raina ba mai sake yi min daɗin baki a kan wannan ƙyauren.

To, ina da wa, Yaya Hamidu, uwa ɗaya uba ɗaya, yana noman shinkafa a Garou. Tun rasuwar mahaifinmu ba ma magana. A wajen zaman makoki ya ce, a gaban dangi, wai ni ban san hanyar gida ba sai ranar girbi. Maganar ta ƙona ni (wataƙila don akwai ƙamshin gaskiya a cikinta), na ɗauke ƙafa. Salla ta zo ta wuce, ta sake zuwa, ko gaisuwa. Ina kewarsa, wallahi ina kewarsa, shi ya goya ni, shi ya koya min iyo, amma girman kai ya hana. Shi kuma a wurinmu babba ba ya buɗe baki ya ce wa ƙane ya yi haƙuri. Ba a yi, ba a taɓa ji ba.

Ranar nan na iso rumfa sai na tarar da kekensa a jingine, shi kuma zaune a ɗaya gefen ƙyallen, ƙafafunsa furu-furu. Mushe ya ce wai ɗan wasa ɗaya ne bai zo ba, sai ga Hamidu ya shigo gari sayen taki. Mai hankali da ya tsaya ya yi tunani. Ni abin da ya faɗo min shi ne, alhamdu lillahi, ga wanda bai iya ba, yau zan ci.

Mushe ya kwashe igwa da mahaya ya mayar akwati. Ya ce yau ba harbi. Sarakuna biyu ne, ni na gabas, Yaya na yamma, sun gaji da gaba, za su aika manzanni a yi sulhu. Ba jefa ƙwaya, baki ne kawai zai yi aiki. In an daidaita kowa ya ci, in an watse kowa ya faɗi. Na gyaɗa kai, amma a raina na ce wannan ma wani tarkon ne, ina aka taɓa wasan da kowa ke ci?

Na jera fadawana, na gyara murya, na zuba dogon jawabi a kan girman ƙasata da yawan dawakina. Rumfa ta cika fiye da kullum, har da tsofaffin da ba sa leƙo mu, kuma ba mai dariya. Wannan ma ban lura ba.

Yaya ya ɗauki manzonsa da manyan yatsun nan nasa na noma, da ƙyar ya iya riƙe shi. Ya sa shi cikin 'yar sakainar da muke mayarwa jirgi. Sannan ya laluba aljihu ya fito da farin goro, na gaske, wanda ya fi manzon girma, ya ɗora a gefensa. Ya turo sakainar a hankali har ta ƙetare ƙyallen. Bai dube ni ba, manzon yake kallo.

"Sarkin yamma ya ce a gaishe ka," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa. "Ya ce baki shi ka yanka wuya. Ya hwaɗi magana ranar da zuciya ba ta kwance ba. Ya ce gida naka na, ka taho sadda ka so, ko ba girbi."

Jama'a, kun ji fa. Har da "ko ba girbi". Jaki ma da ya gane. Ni kuwa farar tutar Mushe kawai nake gani. Na miƙe tsaye, na ce a koma a gaya wa sarkin yamma mun san irin wannan goron, guba ce a ciki, kuma wanda maciji ya sara in ya ga tsumma gudu yake yi. Na ce ƙasata ba ta buƙatar maƙwabci mai baki biyu. Sannan na lanƙwasa yatsa na ɗalle goron. Ya tashi sama, ya faɗi ƙasa, ya gangara cikin ɓawon albasa.

Na juya ina jiran tafi. Tsit. Mai shayi ya tsaya da buta a hannu. Yaya ya tashi, dattijo da furfurarsa, ya duƙa ya lalubo goron, ya goge da bakin riga ya mayar aljihu. Ya yi wa Mushe godiya, ya ja kekensa ya tafi. Ni kuma, da yake Allah ya nufa kunyata ta cika, na tambayi Mushe ko ni na ci ke nan.

Mushe ya fara tattara sojojinsa. Ya ce ya sha zarya zuwa Garou a kan babur yana lallashin Yaya, kafin su samo hanyar da babba zai ba da haƙuri ba tare da ya zubar da girmansa ba. Kowa a rumfar ya san abin da aka shirya, ban da ni.

"Taki?" in ji shi. "Wa ka sayen taki bayan an yanke shinkahwa?"

Na roƙi ƙasa ta tsage in shige, ta ƙi.

Washegari na tafi Garou da ƙullin goro. Yaya ya tarbe ni, ya sa aka kawo ruwa, ya tambayi iyali da kasuwa yadda ake tambayar baƙo. Da na fara kame-kamen bayani sai ya ce ai wasa ne, ba komai. Wannan "ba komai" ita ce tsakaninmu har yau. Muna gaisawa, ina zuwa suna da biki, ana ba ni tabarma mai kyau. Amma maganar da ya aiko min a sakaina bai sake maimaita ta ba, kuma na san ba zai sake ba. Babba sau ɗaya yake duƙawa.

Abin da na koya kaɗan ne, kuma ya zo a makare. In ka ga dattijo ya baro gonarsa, ya taka keke cikin rana don ya yi wasan 'yar tsana da kai, ka bar lissafin wa zai ci, ka tambayi kanka me ya kawo shi. Kuma in an miƙo maka goro, ko da hannun roba ne, sa hannu biyu ka karɓa. In ma guba ce, ta fi sauƙin haɗiya a kan abin da nake haɗiya yanzu.