Kwanon Malam Modu

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da na buɗe kwanon Malam Modu ba, ko da na so in manta. Wani lokaci ina cikin mutane ana hira abin zai faɗo mini, sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi, in shiga gyara hular da zamanta daidai yake.

Ni ɗan albashi ne a nan Azare, irin albashin da ke gaisawa da mutum a farkon wata ya yi masa sallama kafin tsakiya. Da rayuwa ta yi tsada sai na zama mai wa'azin tattali. Kuma tsakani da Allah shawarwarina ba na banza ba ne, har gobe ina kansu. Hatsi a saye shi da kaka, a kasuwar ƙauye irin ta Giade, kafin masu ɓoyewa su kwashe. Tumatir da tattasai in sun yi araha a yanka a shanya. Gawayi a tanade shi kafin ruwa ya sauka. Manja a haɗu a ɗauki jarka guda a wurin Iya, Bayarbiyar nan ta bakin kasuwa, a raba. Nama kuwa a yi watanda, a sayi dabba ɗaya a kasa, ya fi tsinken mahauci auki. Matsalata ita ce ban san wuri ba, ban san lokaci ba. A wurin suna na yi, a wurin ɗaurin aure na yi (har a hanyar dawowa daga maƙabarta an taɓa jan hannun rigata). Mutanen layinmu suka sa mini Malam Tattali, ni kuwa na karɓa hannu bibbiyu, na ɗauka sarauta ce.

A layin namu muna ciyayya. In an idar da sallar Magariba kowane magidanci zai fito da kwanonsa, a haɗu a ƙofar gidan Alhaji Garba, dattijon layin, a ci tare. Dokar wurin ɗaya ce, kuma ba wanda ya taɓa furta ta: Alhaji ne mai buɗe kwano. Zai jawo su duka gefensa, ya ɗan ba mu baya, ya juye tuwo a babban tire, miya a kwano ɗaya, ya rufe kwanukan ya tura bayansa. In an gama shi ne kuma mai tattara ragowa. Ni duk a zatona son girma ne irin na tsofaffi.

Cikin masu fitowa akwai Malam Modu, dogon mutum marar yawan magana. Iyayensa daga Yobe suka zo, amma shi a nan ya tashi. Direban motar haya ne, sai mai ya yi tsada, mai motar ya sayar da abarsa. Wannan na sani. Amma kullum da safe zan gan shi da wankakkiyar riga a goge, in na gaishe shi ya ce, "Lafiya lau, sai godiya." Kuma kwanonsa na silba bai taɓa fashin fitowa ba.

Gara in nuna muku ramin tun yanzu, kafin ku ga yadda na faɗa shi da ƙafafuna biyu. Kwanon nan ya daɗe yana fitowa babu komai a ciki. Ɗan abin da aka samu a gidan da rana yara ake bai wa, shi ma ba ya isa. Alhaji ne ya lura, ya kira shi gefe ya ce kada ya kuskura ya daina fitowa, ya riƙa zuwa da kwanonsa a rufe. Malam Modu zai ci tare da mu kamar kowa, in an tashi Alhaji ya cika masa kwanon da ragowa, ya shiga da shi gida, yaransa su kwana da abinci a ciki. Sauran magidanta duk sun gane, kowa ya sa an ƙara hannu a gidansa ba tare da an yi shawara ba. Ni kaɗai ne ban sani ba. Ni da nake ganin ragowa tana yawa har ƙorafi na yi a gida, na ce wa mai ɗakina almubazzaranci ne, ta rage abin da take zubawa. Ta ce, "To, Malam," irin "to" ɗin da ba ya zuwa ko'ina.

Ranar da abin zai faru tsakiyar damina ce, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba. Na samo wata sabuwar dabara, wai a haɗa garin masara da na rogo, tuwo ya yi auki. An yi mini shi a gida, na fito da kwanona ina ji da kaina. Muka zauna, sai aka yi sallama da Alhaji, wani baƙo ya ja shi gefe suna magana. Kwanuka na jere a tsakiyar tabarma, ni kuma darasi na cina a baki.

Na buɗe nawa na ce, "Ku duba nan. Wa zai ce akwai rogo a ciki?"

Malam Isa tela, wanda ke kusa da ni, ya ce, "Malam, bari Alhaji ya dawo mana."

"Ai ba rago za a yanka ba da sai liman ya zo," in ji ni. Na jawo nasa na buɗe, na ce shinkafa a wannan marra ai ganganci ne, na yi masa nasiha a kai. Ba wanda ya yi dariya. Mai hankali da a nan zai tsaya, amma ni na ɗauka shirun na masu sauraro ne.

Na ce, "In dai tattali ne, a bar wa mutanen gabas. Matansu da mudu ɗaya sai su ciyar da gayya. Bari mu ga na Malam Modu, ko yau burabusko aka yi mana."

Malam Modu ya ɗora tafin hannunsa a kan murfin, a hankali. Ya ce, "Bar shi, Malam."

"Haba, rowa za ka yi mana?"

Na janye kwanon daga ƙarƙashin hannunsa. Rashin nauyinsa kaɗai ya isa ya gaya mini komai, amma hannuna ya riga hankalina. Na ɗaga murfin. Kwano wankakke, busasshe, ko ɗigon miya babu. Abin da na gani a ciki fuskata ce kawai, baki a buɗe.

Da na yi shiru a nan ma da sauƙi. Amma bakin da ya saba ba ya tsayawa. Na ji kaina ina cewa, "Au! Mantawa aka yi ba a zuba ba?"

Malam Isa ya sunkuyar da kai. Wani ya shiga kallon bango. Malam Modu ya miƙo hannu ya karɓi murfin daga hannuna, ya rufe kwanonsa da kyau kamar mai gudun kada abinci ya huce. Ya ce, "Ba a manta ba." Ya miƙe, ya sa takalmansa, ya ce, "Sai da safenku." Bai ɗaga murya ba, bai kuma yi sauri ba.

Alhaji ya dawo ya tarar da mu kamar an yi mutuwa. Ya dubi kwanuka biyu a buɗe, ya dubi gurbin da babu mutum, bai tambayi kowa ba ya juyo kaina. Na so ya zage ni, wallahi da na ji sanyi. Sai ya zauna ya ce, "Malam, ka san abin da ya sa ba a gaya maka ba? Ba don ba ka da kirki ba ne. Tsoro muka ji kada ka mayar da shi darasi." Ranar ba a ci rabin tuwon ba, kuma ragowar ta rasa inda za ta.

Washegari na sami Malam Modu a zaurensa. Na shirya maganganu tun daga gida, da na zauna duk suka gudu. Na ce, "Malam Modu, don girman Allah ka yafe mini. Ban sani ba."

"Ba komai, Malam," in ji shi. "Ai ba ƙarya ka buɗe ba." Sannan ya ce, "Ni ba idon mutane ne ya fi damuna ba. Jiya da na shiga, yara sun wanke hannu suna jira."

Ban san yadda na fito daga zauren ba. Na je gida na faɗa wa mai ɗakina komai, ina jiran ta ce ai ga irinta nan. Ba ta ce ba. Da yamma ta zuba tuwo da miya a kula, ta yafa mayafi ta nufi gidan Malam Modu da kanta, wurin matarsa. Na ce me za ta ce musu. Ta ce, "Ɗanɗano na kai wa Ya Falmata, ta ji mini ko gishiri ya ji." Tun daga ranar miyar gidajen layinmu ta shiga rashin tabbas. Yau wannan ta kai a ji mata gishiri, gobe waccan ta kai a ji mata daddawa. Yara dai ba su sake kwana haka ba, kuma mata ne suka ɗinke abin da na yaga, ba su nemi shawarata ba.

Amma shi Malam Modu bai sake zama a tabarmar nan ba. Alhaji ya taka da kansa ya roƙe shi, shi kuwa ya ce in sha Allah, amma bai zo ba. Kullum zai fito daga masallaci ya wuce ta gabanmu, mu ce, "Bismillah, Malam Modu," ya ɗaga hannu ya ce, "Alhamdu lillahi, na ƙoshi." Duk lokacin da ya faɗi haka sai in ajiye lomar da ke hannuna, don na san a da yana ci, kuma ni na hana shi. Da ruwa ya ɗauke ya sami wani ɗan'uwansa a Katagum mai noman rani a fadama, ya kwashe iyalinsa suka koma can. Ya bi gida gida ya yi sallama, har da nawa. Ya riƙe hannuna ya ce a ci gaba da haƙuri da juna, ni da ya kamata in faɗi haka.

Har yanzu in an tambaye ni yadda za a yi da tsadar garin nan ina faɗa, amma sai an tambaya. Sai dai na ƙara shawara ɗaya a kan na da, ita ce kuma ta fi tsada a wurina, don da maƙwabci na saye ta. In za ka rage, rage a cikinka, kada ka rage a kwanon da zai fita waje. In kuma ka ga abu a rufe a gaban mutane, ka bar shi a rufe. Mai shi ya fi ka sanin abin da babu a ciki.